Hoton Hanjin Inna

Bayan ƙarin ruwa na huɗu na maganin kansa, wato ciwon daji, cikin Innarmu ya kumbura, gudawa ta ƙi tsayawa, ko kunun gyaɗa ba ya zama. Masu zuwa dubiya suka fara ƙus-ƙus a tsakar gida, wai ciwon da aka yanke a mama ya sauka ciki. Wallahi saura ƙiris in kori wata gwaggona da tsintsiya.

Likita a Kano ya ce sai an ɗauki hoton ciki. Ni na kai wa Inna saƙon, kuma "hoto" kawai na ce mata.

Da safe na tarar ta sha atamfarta ta zuwa biki, ta rangaɗa kwalli, ga 'yan kunnen Makka, ta ja kallabi ta rufe kan da ba gashi ko ɗaya. Na ce, "Inna, asibiti fa za mu."

Ta ce, "Na sani. In likita ya ce a ɗauki mutum hoto, ai na barin wa 'ya'ya ne. Ba zan bar muku mummuna ba."

Tun daga Makoɗa har birni kuka nake haɗiyewa a cikin bas.

A can aka sa ta cire komai, aka ba ta rigar asibiti, ta shanye wani ruwa kofi biyu. Tana ta mita: "Wannan wane irin mai hoto ne, ba ya son kwalliya?" Gado ya shige da ita cikin wata na'ura mai baki kamar rijiya.

Da sakamako ya fito, likita ya nuna min da bakin biro. "Kin ga nan da bangon hanji ya yi kauri? Maganin ne ya kumbura shi, ba kansa ba ce. Za mu dakata ya huce, sannan mu rage ƙarfinsa."

Sau uku na sa ya maimaita. Sannan na saki guɗa, har nas ta leƙo.

Inna ta gama maganinta kaf, kuma da ita aka yi tsigar gyaɗar bara. Baƙar ledar hoton kuwa, duk ranar da gwaggon nan ta zo sai Inna ta ɗaga mata ita a rana: "Duba da kyau, ke da kike hango cikin mutum daga tsakar gida."

Kwanan baya na ɗauko waya na ce bari in ɗauke ta hoto na gaske. Ta shafa kanta, ta ce, "Bari gashin ya isa kitso tukuna. Ai ba sauri muke ba."