Famfo Mai Shuɗin Kai

Zafin Doha ya kai maƙura a lokacin, irin wanda in ka buɗe ƙofa sai ka ji kamar ka leƙa madambaci. Shekarar kuma shiru ta yi mini. Babbar 'yata ta koma gida karatu, ƙannenta sun bi ta hutu. Maigida gyaran esi yake yi, lokacin ne kasuwarsa, ba na ganinsa sai a gajiye. Ina zaune ni kaɗai a gidanmu na unguwar Old Airport sai shugaban ƙungiyarmu ya kira ni.

Mu Hausawan da ke nan muna da 'yar ƙungiya, 'yan Najeriya da 'yan Zangon Gana a haɗe. In rigima ta taso tsakanin namu, kafin ta kai gaban hukuma akan zaɓi mutum biyar su saurari kowane ɓangare, abin da mafi yawansu suka gani shi ne hukunci. Shugaban, wani dattijo ɗan Kumasi da kowa ke ce wa Baba Alhaji, ya ce yana so in zama cikin biyar ɗin. Na ce masa ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na yi haihuwa uku na iya rubuta sunana. Ya yi dariya ya ce ai ba jarrabawa za a yi ba, kunne ake nema.

Maganar kuwa ta jaririya ce. Matar wani ɗalibi ɗan Gombe ta haihu, haihuwar fari. Akwai wata 'yar Zango da ke aikin shara a wani kamfani, tana zaune a Umm Salal, wadda ranar hutunta takan zagaya ta yi wa jarirai wanka. Rabin yaranmu na nan hannunta suka bi. Ranar wata Juma'a da tsakar rana tana sa ƙafafun jaririyar a baho sai yarinya ta tsala ihu. Ruwan ya yi zafi. Asibiti suka shafa magani suka ce fatar za ta koma daidai, amma uban ya rantse sai ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Kowa ya san inda hakan zai ƙare. Kafil ɗinta, wato uban gidan da ya tsaya mata a takardar zama, zai ji tana taɓa wani aiki ban da nasa, a soke mata zama, a sa ta a jirgi. Yaranta kuwa suna Kumasi, da aikin nan take riƙe su. Da ƙyar Baba Alhaji ya shawo kan uban ya yarda da sharaɗi: in mun ce sakacinta ne, zai kai ƙararsa ba mai tare shi. In mun wanke ta, magana ta mutu.

A falon ɗalibin muka zauna bayan La'asar. Mai jego tana ɗaki da jaririya. A can kusurwa, bayan kujera, surukarsa ce zaune a ƙasa, tsohuwa da ta zo daga Gombe jinyar jego, ta ja mayafi har goshi.

Uban ya yi magana a tsaye, da zafi. Ban ji haushinsa ba. Na tuna ranar da tawa 'yar farin ta taɓa murhu, ko mahaifiyata sai da na harara. Ya ce shi yana masallaci, matarsa tana kwance, mutum ɗaya ce ta haɗa ruwa, ita ce kuma ta sa yarinya a ciki. Me ya rage a bincika?

Mai wankan ta ce ta sirka ruwan da na bokiti, ta gwada da gwiwar hannu kamar kullum, ta je ɗaki ta karɓo jaririya, mai jego ta ɗan tsayar da ita da tambaya a kan cibiya, ta dawo. Ba ta sake gwadawa ba, wannan ta amsa. Amma yadda ruwan ya koma haka, ta ce Allah kaɗai ya sani.

Baba Alhaji ya juya wajen tsohuwar ya ce, "Hajiya, kina gidan. Kin ga wani abu?"

Ta ƙara jan mayafi, ta ce, "Allah ya sawwaƙe."

Muka koma wani ɗan ɗaki mu biyar don shawara. Wani mai karatun digiri na uku da ke cikinmu ya jera maganar tiryan-tiryan, kuma gaskiya ban ga inda ya kauce ba: ruwa ba ya ƙara wa kansa zafi, ƙila hankalinta ya tafi ta manta sirki. Wata 'yar Zango da muke tare ta ce masa ku 'yan Najeriya in ba ku ga takarda ba ba ku ga gaskiya ba, ya ce ku kuma in 'yar garinku ce ko kaza ta sata sai ku ce kazar ce ta bi ta. Aka ɗan yi dariya, amma da aka zo ɗaga hannu ita ma 'yar Zangon idonta ya cika da hawaye, don ba ta da abin karewa. Biyu suka ce sakaci ne, ita ta ce a'a, Baba Alhaji ya ce shi sai a ƙarshe. Aka dube ni.

Ni ba mai saurin magana ba ce. Abin da ke yi mini yawo a rai shi ne yadda tsohuwar ta zauna. Tun da muka shigo ba ta ɗaga ido ta ɓangaren da surukinta yake ba, shi ma da zai ambaci waɗanda ke gidan tsallake ta ya yi. Mun tambaye ta, haka ne, amma a gabansa muka tambaye ta. A inda muka fito wace mace ce za ta buɗe baki ta ba da labari surukinta na tsaye a kanta? Mai jegon kuma 'yarta ce ta fari, ko sunanta tsohuwar ba ta kira. A gidan nan kaf babu wanda tsohuwar za ta iya yi wa doguwar magana.

Na ce a yi mini haƙuri, hannuna ba zai ɗagu ba sai na ji ta bakinta, ita kaɗai.

Na same ta ta koma kicin. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na tambayi mutan gida, na tambayi damina. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "'Yar nan, famfon nan mai shuɗin kai, ba shi ne na sanyi ba?"

Duk wanda ya yi zafi ɗaya a Doha ya sani: tankin ruwa a saman bene yake, rana na dukansa, da tsakar rana abin da shuɗin famfo ke kawowa ya isa ya saɓule fata. Kashe hitar ɗuma ruwa muke yi, mu riƙa samun mai sanyi daga jan famfon, tun da ruwansa a cikin gida yake taruwa. Mun saba har mun manta abin faɗa ne.

Ta ce da mai wanka ta shiga ɗaki, ita ta tsoma yatsa ta ji kamar ruwan ya ɗan yi wa jinjira ɗumi, ta murɗa shuɗin ta sake shi cikin baho, ta fita. Ba ta taɓa amfani da famfon ba tun zuwanta, don surukinta kullum yakan cika mata bokiti ya ajiye a ƙofar ɗakinta ya huce. Sai bayan an dawo daga asibiti ta murɗa shi da hannunta ta ji. Tun ranar abinci ba ya shiga mata.

"Ki faɗa musu," ta ce. "Kada a kori baiwar Allah saboda ni. Amma kada a faɗa masa ina wurin."

Da na mayar wa sauran, mai digirin ya dafe kai ya ce shi ma makonsa na farko haka ya ƙone a banɗaki. Ba a ma sake ɗaga hannu ba. Abin da ya ɗauke mu lokaci shi ne yadda za a gaya wa uban. Mai digirin yana ganin a faɗa a bainar kowa, tun da a bainar kowa aka zargi mai wanka. Yana da gaskiya, har yau nakan yi tunanin hakan. A ƙarshe Baba Alhaji ya sanar a falo cewa mun wanke ta, dukanmu biyar, sannan ya ja uban zuwa baranda, ya yafito ni.

Ni na gaya masa, a hankali. Ya daɗe yana kallon motocin da ke ƙasa. Sannan ya ce mini, "Umma, ni nake cika mata bokitin. Ban taɓa gaya mata dalili ba. Surukata ce, ta ina zan fara yi mata magana?"

Ya koma ciki ya durƙusa gaban mai wanka. Ta ce khalas, ya wuce, ita ma da ta sake tsoma hannu da ba a kai nan ba. Amma da muka fito tare ta ce mini ta ajiye wankan jarirai, ta ga yadda abincin 'ya'yanta ya kusa zubewa. Ban lallashe ta ba. Na raka ta har ta sami mota.

Washegari da safe na ɗauki sabulun salo da tawul na koma gidan. Mai jego ta ce mini tun ranar da abin ya faru tsohuwar ba ta ko ɗauki jikarta ba. Na shiga na kamo hannun tsohuwar har banɗaki. Na murɗa jan, na sa mata yatsa, na murɗa shuɗin, na ce ta ɗan jira ta ji yadda yake tasowa. Muka haɗa ruwa tare, ta gwada, na gwada. Sai na karɓo jaririyar na miƙa mata, na ce ni yau bayana ke ciwo, riƙe tawul kawai zan iya.