Ƙiftawa Tara a Minti Shida

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana karanta mitar wuta gida-gida, har sunansa ya ɓace a unguwa, kowa Mai Mita yake kiransa. Yana da tocila ƙarama, da biro ɗaure da zare a aljihun gaba, da wani littafi mai baƙin bango wanda ko mahaifiyarmu ba ta isa ta ɗora kofi a kai ba. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, bai taɓa rubuta lambar da bai gani da idonsa ba. Abokan aikinsa in sun tarar da gida a kulle, ko kare ya hana su shiga, sai su zauna a inuwa su ƙirƙiro lamba su wuce. Baba sai ya koma sau uku. Muna yara haushin wannan hali muke ji, domin ko alewa aka ba shi ya raba mana sai ya ƙirga ta sau biyu.

Da aka kawo mita mai kati, wadda mutum zai sayi yunit ya loda da kansa, aikin su Baba ya ƙare. Aka sallame su da ɗan fansho. Bai yi ƙorafi ba, amma na lura ya yi wata shida in zai wuce ta gaban sabuwar mitar gidanmu sai ya kau da kai.

Mu biyu ya haifa, ni da Yaya. Yaya malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai son haɗe-haɗen wayoyi. Wata shekara ya sayo tsohuwar kwamfuta daga wani ofis da aka rufe, ƙatuwa, ba allo ba komai, ya kai ta sito ya ɗora a kan benci kusa da tsofaffin akwatuna. Ya ce sunanta saba, aikinta ta zauna a kunne dare da rana, ɗalibai su shiga ta wayoyinsu su saurari darussan da yake naɗa musu. Ya haɗa mata batir saboda ɗaukewar wuta, ya sa mata 'yar fanka da akwatin intanet a gefe. Ni dai abin da na sani, tana gurnani kamar mage mai barci, kuma ta cinye mana rabin sito.

Yaya ya rasu bara, ciwon kwana huɗu. Allah ya jiƙansa. Aka raba kayansa, aka kwashe littattafansa, amma ba wanda ya taɓa abin da ke sito. Kullum da safe Baba zai shiga da tsumma ya goge mata ƙura, ya ɗora tafin hannunsa a kanta ya ji ɗuminta, ya fito. Da la'asar kuma ya ɗauki wayarsa ya kunna darasi. Baba bai san komai a lissafin sakandare ba. Yana jira ne kawai a zo wurin da Yaya yake gyaran murya ya ce, "Kun gane, ko in sake?" Ni kam ban taɓa iya saurara ba, in na ji an kunna sai in sami abin yi a kicin.

Ni ce mai sayen wuta a gidan, da albashin ma'aikaciyar jinya. Da aka ƙara kuɗin yunit a farkon shekara, kuɗin da ke kai mu ƙarshen wata ya fara ƙarewa tun ranar ashirin. Ran nan na dawo daga aiki a gajiye, na tarar mita tana kukan gargaɗi, raina ya ɓaci. Na wuce sito kai tsaye, na haska bayan kwamfutar, na ga takarda a manne an rubuta wat ɗari bakwai da hamsin. Na ninka da awa ashirin da huɗu, na ninka da kwana talatin, na raba da dubu, waya ta ba ni yunit ɗari biyar da arba'in. Na fito ina huci.

"Baba, ga ɓarawon wutarmu na kama. Ƙarshen watan nan zan kashe ta. Darussan sai a kwashe a faifai a ajiye."

Yana zaune a kujerarsa ta falo. Ya karɓi wayar, ya nisantar da ita daga idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Auta, gidan nan gaba ɗaya yunit nawa kike saya a wata?"

"Ɗari huɗu."

"To, ashe ita kaɗai tana shan ɗari biyar da arba'in a cikin ɗari huɗu. Lallai yayanki ya bar mana abin al'ajabi."

Kunya ta kama ni, amma ni ba a kayar da ni cikin sauƙi. Na ce ko ma nawa ne, ba mu da shi. Ya ce lambar da ke jikin takarda iyakar abin da za ta iya ja ne in an matse ta, kamar yadda ake rubuta gudu ɗari biyu a mota alhali mai ita kasuwa kawai yake zuwa. Sannan ya ce a hankali, "Ki ba ni ranar Asabar. In na auna na ga ta fi ƙarfinmu, ni da hannuna zan kashe ta." Na san Baba, in ya faɗa zai aikata.

Ranar Asabar ya fito da baƙin littafinsa da biro mai zare, ya sa hular da yake sawa zamanin aiki. Ya sa na zaga gida ina kashe komai, firij, talabijin, fankoki, ƙwai, har cajar wayata ya ce in zare. A sito ma ya kashe 'yar fanka da akwatin intanet na ɗan lokaci. Gidan ya yi tsit, sai gurnanin nan kaɗai. Ya jawo kujera ya zauna a gaban mitar da ta raba shi da aikinsa, ya nuna min wata 'yar jar fitila a jikinta.

"Kin ga wannan? An rubuta a nan, in ta ƙifta sau dubu, yunit ɗaya ya tafi. Ke ki riƙe agogo, ni in ƙirga. Minti shida, kashi ɗaya cikin goma na awa ke nan."

Muka zauna. Fitilar ta ƙifta, Baba ya ja layi a littafi. Aka daɗe, har na zaci ta lalace, sai ta sake. Ban taɓa sanin minti shida yana da tsawo haka ba. Ina kallon hannunsa, layukan a miƙe suke fita.

"Lokaci ya yi," na ce.

"Tara. In tara ne a minti shida, casa'in ke nan a awa. Wat casa'in take ja, ba ɗari bakwai da hamsin ba."

Na ji daɗi har na manta ni ce mai ƙara. Na miƙe zan kunna firij, ya ce in zauna, awo ɗaya ba awo ba ne. Ya sa muka sake da rana, muka sake da yamma lokacin da ɗalibai suka fi shiga, bayan ya mayar da intanet ya ware abin da akwatin ke ci daban. Ya sami takwas, ya sami goma, ya tsaya a kan tara. Naman da ke firij sai da ya fara saki.

A nan ne ya ba ni haushi, irin haushin da muke ji muna yara. Da ya tsaya a casa'in, da magana ta mutu, ya ci nasara. Amma ya ce ba ita kaɗai take ci ba, fankar da ke sanyaya ta da akwatin intanet ai dominta suke aiki. Ya kunna su ya ƙirga, ƙiftawa ta koma sha uku. Wat ɗari da talatin, a kwana yunit uku da ɗan ɗori, a wata casa'in da uku da ɗigo shida.

"Mu ce casa'in da huɗu," ya ce yana rubutawa. "Sannan batir, duk shekara biyu sai an canza. Ki raba kuɗinsa gida ashirin da huɗu ki ɗora a kan kowane wata."

"Baba, kai fa kake so a bar ta. Me ya sa kake ƙara mata laifi?"

"Ke ce mai biya, Auta. In na rage miki lamba, na cuce ki."

Ya yage takardar ya miƙo min. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar gidan ne, ba ƙaramin abu ba ne a aljihuna. Na ce zan yi tunani kafin ƙarshen wata. Ya ce to, ya cire hularsa ya rataye.

Satin da ya biyo baya aiki ya sha min kai, ban lura da komai ba sai ranar Alhamis da na dawo da wuri. Zafi ake kamar me. Na tarar da Baba a ɗakinsa ya buɗe taga, daga shi sai singileti, yana fifita da kwali, gumi na bin wuyansa, fanka a tsaye cak. Na ce ta lalace ne? Ya ce a'a, iskar taga ta fi lafiya. Na duba falo, talabijin an zare shi daga bango, alhali Baba ba ya wuce labaran yamma. A kicin na ga ƙaramar tukunya a kan gas, butar lantarki an nannaɗe wayarta an ɗora a saman kabad.

Baƙin littafin yana kan teburinsa a buɗe. Tun da nake ban taɓa karanta abin da ke cikinsa ba sai ranar. A saman shafi ya rubuta casa'in da huɗu. A ƙasa, da rubutunsa mai kyau, fankar ɗakina talatin, talabijin sha takwas, buta sha biyar, ƙwan ɗakina biyu. Ya ja layi, ya rubuta, saura ashirin da tara. A gefen wannan lambar akwai ɗige-ɗigen biro da yawa, alamar ya daɗe yana neman abin da zai ƙara kashewa bai samu ba, domin bai taɓa ko ɗaya daga cikin kayana ba.

Na zauna a bakin gadonsa na yi kuka, irin wanda ban yi ba tun bara. Na ji kunyar kaina, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Baba ya juyo da kwalin yana yi min fifita.

Da na natsu na ɗauki biro mai zare, na soke jerin nasa gaba ɗaya, na rubuta a ƙasa, Auta, casa'in da huɗu, da kuɗin batir.

"Ba a soke lissafi a littafin nan," ya ce.

"Yau an soke. Baba, ina wayarka? Kunna mana darasin."

Ya dube ni, ya laluba ƙarƙashin filo ya ɗauko. Muryar Yaya ta cika ɗakin, yana bayanin wani abu da ni ma ban gane ba, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko ya sake. Na miƙe na murɗa fanka har lamba ta ƙarshe. Daga inda Baba yake zaune ana hango mita ta ƙofa, na ga idonsa ya tafi can, leɓɓansa suna motsi.

"Kin ƙara wat saba'in, Auta."

"Na sani, Baba. Rubuta a kaina."