Jan Zoben Indo Mai Awara

Duk wanda motarsa ta taɓa kwana uku a Apo ya san Indo mai awara. Tana zama a gindin wata dalbejiya, tsakanin garejin Oga Dominic da rumfar masu faci, kasko a gabanta, kular kunun aya a gefe. Ko ba ka riƙe fuskarta ba za ka riƙe hannunta, don akwai wani zobe mai jan dutse a yatsanta da ke walƙiya duk sa'ad da ta ɗaga matsami.

Shekara ashirin ke nan da ta biyo mijinta Ɗanladi daga wani ƙauye a ƙasar Gumel zuwa Abuja. Shi ya samu gadi, ita ta samu aikin girki a gidan wani injiniya Ba'indiye a Garki. A gidan akwai uwar maigida, tsohuwa mai ciwon gwiwa, Indo ce ke shafa mata man zafi safe da yamma. Tsohuwa ba ta jin Hausa, Indo ba ta jin Indiyanci, amma shekara goma sha ɗaya suka yi suna gulmar mutanen gidan da hannu da ido. Ranar da za su koma ƙasarsu, tsohuwa ta zare zobenta ta zura wa Indo, surukarta ta yi tafinta. Ta ce sunansa yaƙutu, dutsen rana ne, yana ba mai shi ƙarfin zuciya, kuma ba a ɓoye shi a akwati, sai yana taɓa fata yake aiki.

Indo ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Da zoben take wanke waken suya, da shi take tacewa, da shi take rige-rigen mota daga Kurudu kullum da safe. Wajen alwala ma ba ta cire shi, juya shi kawai take ruwa ya ratsa. Da tafiya ta yi tafiya har ta ƙara masa ayyukan da tsohuwa ba ta faɗa ba: wai yana hana awara kama kasko, wai yana sa kwandasta ya yi mata magana da ladabi.

Matsalar guda ce. A duk faɗin Apo babu wanda ya yarda na gaske ne.

"Indo, wannan alewa naka bai narke ba har yanzu?" in ji Oga Dominic, yana goge baƙin mai da tsumma.

"Oga, yaƙutu ne. Ka wanke hannu kafin ka nuna shi."

"Yaƙutu a kan wuta? Ba ni awara, ka sa yaji da yawa."

Sau ɗaya ta ɗauki ƙafa har kasuwar Wuse wajen wani mai gwal don ya duba mata. Mutumin ya kalli silifas ɗinta, ya shaƙi ƙamshin man gyaɗa a mayafinta, ya ce, "Yana da kyau, Baba, ki ci gaba da sawa." Ko madubinsa bai ɗauko ba. To, haka garin yake. A Abuja ba a duba dutse, motar da ya sauko daga ciki ake dubawa. Kwalba a bayan jif yaƙutu ce, yaƙutu a kan acaɓa kuwa Allah ya kyauta.

Shekara tara tana rantsuwa ana dariya, sai Allah ya kawo Hajiya Rumasa'u. Matar wani darakta ce, tana da baƙar jif da ta fi kwana a garejin Dominic bisa ga gidan mijinta. Wata rana tana jiran a ɗaura mata wani ƙarfe, ta aika a kawo mata kunun aya. Indo ta miƙa mata gora, Hajiya ta kama hannun maimakon gorar. Ta juya shi ga rana, ta hura wa dutsen iska.

"Baba Indo, ina kika samo wannan? Ai na gaske ne."

Indo ta ajiye gorar. Ta ce, "Hajiya, don Allah maimaita da ƙarfi, Oga Dominic ya ji."

"Haba, Baba. Irin wannan ai ba a shelarsa, ɓarayi sun yi yawa." Ta ƙara rage murya. "Ran Asabar muna da biki, ankon ja ne. Ki ara mini, Litinin yana hannunki."

Aron kayan ado don biki ba baƙon abu ba ne, daga ƙauye har birni. Amma Indo ko 'yar cikinta ba ta taɓa ara wa zoben nan ba. Sai dai mutum guda ya gaskata ta bayan shekara tara, kuma mutumin mai jif ne. Ta nemi sabulu ta murza yatsa, zobe ya fita da ƙyar.

Litinin ta zo ta wuce, wata Litinin ɗin ma haka. Jif ɗin da ba ta sati ba ta zo Apo ba, sai ga shi ta samu lafiya farat ɗaya. Waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Indo ta je gidan sau uku, maigadinsu Jonah yana cewa, "Madam ta yi tafiya," alhali ana jin muryar Madam daga ciki tana yi wa mai guga faɗa. A wajen kasko kuwa, Indo sai ta kalli farin zanen da zoben ya bari a yatsanta ta shagala, har awara ta ƙone.

Ta ce wa Ɗanladi za ta kai ƙara. Ya ajiye rediyonsa ya ce, "Ki ce musu me? Mai awara ta ba matar darakta aron yaƙutu? Wa zai yi miki shaida, Dominic? Ai shi da Baibul zai rantse alewa ce."

Zuwanta na huɗu, Jonah ya ji tausayinta. Ya ce ran Alhamis da la'asar matan ƙungiyar Madam za su taru a gidan. Bai ce ta zo ba, bai ce kar ta zo ba. Ita kuwa ta san a Abuja babu get ɗin da ke hana mai ɗauke da kula wucewa.

Ta shiga falo da kular kunun aya a ka. Mata goma sha biyu ne a zaune, turare kamar zai ɗaga silin, gwal a kowane wuya. Ga zobenta can a hannun Hajiya Rumasa'u, ana ta juya hannun ana santi.

"A Dubai na tsince shi," in ji Hajiya, "a wani ɗan shago da ba kowa ya sani ba."

Tun daga Kurudu Indo ta haddace abin da za ta faɗa: zobena ne, yaƙutu ne, a ba ni abina. Da ta dubi falon sai ta gane inda maganar za ta ƙare. Za su yi dariya, a kira Jonah ya raka ta waje, zobe ya zama na Dubai har abada. Ta sauke kula, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, barka da taro. Oga Dominic ne ya ce in tuna miki, zoben nan da na ara miki kar ki bari ruwan zafi ya taɓa shi. Danjar bayan mota ce ya yanko, da gam ya manna. In ya ji zafi ɓallewa yake."

Duk idanu suka koma kan zoben. Wata Hajiya Muhibba, wadda ke riƙe da hannun Hajiya Rumasa'u, ta sake shi a hankali kamar ta taɓa kifi.

"Ni dama tun ran bikin na ga jan ya yi yawa," in ji ta.

Wata ta ce, "Wallahi ni ma. Kawai dai ban so in yi magana ba ne."

"Na gaske ai ba ya ƙyalli haka," in ji ta uku.

Hajiya Rumasa'u ta san na gaske ne, kuma ta san Indo ta san ta sani. Amma me za ta yi da sanin? Abin da mata goma sha biyu suka kira danja ya zama danja, ko wane biki ta shiga da shi za a ce ga mai birki nan ta taho. Ta ƙaƙalo dariya, ta ce dama gwada su take ta ga wa ya san kaya. Ta zare zoben ta cilla a kan murfin kula. Indo ta ɗauka ta zura, ta rarraba kunu gora-gora, ta yi musu sai anjima.

Kafin ta hura wuta washegari, direban Hajiya ya riga ya kai labari Apo. Kanikawa suka yi ta tafi: Indo da bakinta ta faɗa, a gaban manyan mata. Oga Dominic ya fara da musu, yana cewa shi bai taɓa yanka komai ba. Da 'yan mata uku suka zo neman irinsa kafin azahar, sai ya tuna cewa lallai shi ne ya yi. Yanzu haka akwai kwali guda na fasassun danjoji a bayan garejinsa, kuma ran Asabar ba ya taɓa mota, zobba yake haɗawa.

Indo ba ta ƙara rantsuwa a kan zoben ba. Kwanan baya wata budurwa ta tsaya sayen awara, ta ƙura wa hannun ido ta ce, "Baba, wannan ma na Oga Dominic ne?"

Indo ta dubi dutsen, ta ɗan goge shi da bakin zane.

"Shi ya fara yi," in ji ta. "Lokacin hannunsa bai lalace ba. A sa miki yaji?"