Tukunyar gaz a bayan motar marayu

Da mijina ya rasu, abin da ya bar mana mai kawo abinci shi ne tsohuwar motar haya, wadda take zirya tsakanin Gaya da Tounouga, ranar kasuwa kuma ta leƙa Bengou. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ban iya tuƙi ba, sai dangi suka ce a ba ƙaninsa ya ci gaba da ja. Na yarda a baki, amma tun ranar farko na sa masa ido. Ni mace ce mai zargi, kuma koyarwa ta ƙara mini. Na daɗe ina kama masu satar amsa, har na koma ina ganin kowa da ƴar takarda a ƙarƙashin cinya.

Shekarar da man Najeriya ya yi tsada, kwalaben esans, wato fetur, na bakin titi suka fi ƙarfin direbobi. Duk matar mai mota da na haɗu da ita wajen biki ko suna, kuka take yi, abin da ake kawowa gida ya ragu. Nawa bai ragu ba. Da wata ce, da ta gode wa Allah ta yi shiru, ni kuwa na ce a raina akwai wata a ƙasa.

Na fara lura. Babur ɗinsa ya ɓace, ya ce ya sayar, bai faɗi dalili ba. Kayan fasinja duk sun koma kan rufin mota, har buhun shinkafa, bayan motar kuma kullum a kulle, makullin yana aljihunsa na ciki. A garin da ke da iyaka biyu, in direba ya kulle bayan mota haka, ba abin da ke zuwa ran mutum sai fasa-ƙwauri. Na riƙa ganin ranar da ƴan duwan, masu kwastan, za su kama motar marayu cike da ƙwayoyi. Na bugi cikin matarsa, ta ce ba ta san komai ba, wannan ma na ce haɗin baki ne.

Wata Juma'a ya ajiye motar a ƙofar gidana, ya shiga wanka don tafiya masallaci, ya rataye rigarsa a igiya. Ban tsaya jin kunya ba, na zare makullin na fita na buɗe. Ba ƙwaya, ba kaya. Wata doguwar tukunyar ƙarfe ce kwance, an ɗaure ta da maɗauri, ga siraran bututu sun shige ciki wajen inji. Ina tsaye ina kallo ya fito, ruwa bai bushe a kansa ba.

"Yaya, gaz ne," ya ce. "Shi nika sha yanzu, ba esans ba. Na san in na gaya miki tun farko cewa za ki yi bom na ɗaura ma motar yayana."

Ashe babur ɗin ya sayar ya kai motar wajen wani makanisiye a tsallaken iyaka aka yi aikin. Daɗi ya kama ni har na yi dariya, na tsokane shi cewa ya mai da motar mijina kicin. Shi bai yi dariya sosai ba. Ya ce tunda yanzu na gani, akwai abin da ya rage, kuma ni ce takardun mota ke hannuna: dole a gaya wa mutanen asurans, wato inshora, a kuma gyara kart giris, takardar rajistar mota, domin har yanzu esans aka rubuta a ciki. Sau biyu ya maimaita.

Sai zargina ya tashi daga kansa ya koma kan mutanen asurans. Na ce waɗannan hanyar ƙarin kuɗi kawai suke nema, in na buɗe baki za su tura ni Dosso, daga can a ce sai Yamai. Da lokacin sabunta takarda ya yi, ma'aikacin ya tambaye ni ko an canja wani abu a motar. Na dube shi ido cikin ido na ce babu, na sa hannu. Da ƙanin mijina ya tambaye ni, na ce na gama da su. Bai ƙara tambaya ba, domin shi ba mai zargi ba ne.

Da damina abin ya faru. An yi ruwa da safe, hanyar Tounouga ta yi santsi, motar ta ƙwace ta bugi amalanken wani manomin shinkafa. Mutumin ya karye a cinya, sansa guda ya mutu. Tukunyar ko motsi ba ta yi ba. Jandarmomi suka yi nasu rubutun, kamfanin asurans kuma ya aiko mai duba mota, wani siririn mutum mai tabarau. Ya zagaya motar a harabar jandarma, ya ce a buɗe baya. Ya daɗe yana kallon tukunyar, ya duba takarda, sannan ya ɗago ya yi mini irin kallon da nake yi wa ɗalibai ranar jarrabawa.

"Madam, ranar da kika sa hannu a nan, kin san da wannan?"

Kafin in haɗa magana, ƙanin mijina ya riga ni.

"Ba ta san komi ba. Ni na saka a ɓoye, makulli ma a wurina yake."

Mutumin ya jira ni. Jandarma biyu suna tsaye, ga dangin manomin a gindin bishiya, ciki har da uban wata ɗalibata. Na yi gum, na sunkuyar da kai. Ya rubuta abin da ya ji.

Shirun nawa bai ceci komai ba. Kamfanin ya ce motar da ya ɗauki nauyi mai shan esans ce, wannan kuwa bai san ta ba. Muka sayar da ita aka yi jinyar manomin, aka biya shi kuɗin san da ya mutu. Labari kuma ya cika tasha cewa ƙanin marigayi ya ci amanar matar yayansa da marayu. Daga nan ba wanda ya ƙara ba shi makullin mota. Yanzu dako yake yi a bakin kogi, kuma har yau duk Juma'a sai ya kawo wa yarana kifi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Sai bayan wata huɗu na iya buɗe baki. Na je wajen shugaban direbobin tasha, dattijo abokin mijina, na gaya masa gaskiya tun daga makullin da na zare har hannun da na sa. Na roƙe shi ya sama wa yaron nan mota. Ya saurare ni har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Allah shi saka miki, ɗiyata," ya ce. "Kina son ki rufa mishi asiri, mun gane. Amma mu mun san abin da ya faɗa da bakinshi gaban jandarma."

Na rantse masa. Ya yi murmushi, ya raka ni har bakin titi yana yabon halina.