Ciyawar da Baba Idrisu Ya Kai wa Bature

Har gobe ba na mantawa da ranar da aka kori Baba Idrisu daga sitonmu na kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, a farkon shekarun saba'in. Kamfaninmu tangaran da gilasai yake shigowa da su. Aikinmu mu buɗe akwatuna, mu sake shirya kayan cikin busasshiyar ciyawa, wadda a nan ake ce wa tibin, don kada su fashe a hanya. Baba Idrisu, Bahaushen Sudan, shi ne shugaban masu shiryawa, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da ta iyalinsa duk a kan kamfanin suke.

Manajanmu Bature ne ɗan Ingila, marar hayaniya. Baba ya makara, Bature ya yi shiru. An kai kaya kantin da ba shi ba, ya yi shiru. Mu kuwa muna ta yabon haƙurinsa.

Ran nan akwati ya suɓuce wa Baba, 'yan kofuna suka fashe, abin da bai taka kara ya karya ba. Bature ya tsaya, fuska ja wur, ya ce, "Dis is da las sitiro."

Tafintanmu Hamza, haifaffen unguwar Nuzla, wanda ya tsinci Turancinsa a bakin matuƙan jirgi, ya juyo wajen Baba ko gezau: "Ya ammi, cewa ya yi tibin ya ƙare, halas, shi ke nan. Wannan ne na ƙarshe."

"Ai da sauƙi," in ji Baba. Ya nufi kasuwar Bab Makka, kafin la'asar ya dawo da amalanke shaƙe da ciyawa, ya sauke a ƙofar ofis yana murmushi.

Bature ya fito, ya dubi tulin, ya ɗauka izgili ne. Nan take ya sallame shi. Dattijon na tsaye da igiya a hannu, yana tambayar Hamza, "Ba ta yi kyau ba ne?"

Sai daga baya wani sabon akawu ya warware mana. Ashe salon maganar Turawa ne: idan laifuffuka sun taru, ɗan ƙaramin da ya ƙure haƙuri shi suke kira ciyawar ƙarshe. Lokacin Baba da iyalinsa sun riga sun hau jirgin Bur Sudan.

Tun daga nan shirun shugaba ya daina burge ni. Idan ya ga kuskurenku bai tanka ba, ku same shi a ranar, domin ajiyewa yake yi.