Kawu Lawali da Mushensa

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Lawali ya san dokarsa: ba a zama gaba. Ko liman ne kai, kujerar baya za ka, ɓangaren dama. Zai sauko ya zagayo ya buɗe maka ƙofa, sanye da farar safar hannu, ko da a tsakiyar zafin Yuli na Greensboro ne, garin da muke zaune a ƙasar waje. Matarsa, Inna Rabi, shekara ashirin da ɗoriya tana zaman baya kamar baƙuwa. In ta yi ƙorafi sai ya ce, "Haka Mushe yake zama."

Ga waɗanda suka zo daga baya: Mushe wani lauya ne Bafaranshe da Kawu ya yi wa direba shekara shida a Yamai, tun ina goye. Da wannan kalma mu mutanen Nijar muke girmama Bafaranshe. Dakta Bashir, mutumin Kano da ke koyarwa a jami'a, bai san haka ba. Zuwansa gidan Kawu na farko ya ga hoton wani Bature mai sanƙo a falo, an rataye shi sama da na mahaifin Kawu, ya tambayi ko wane ne.

"Mushe ne," in ji Kawu, yana gyara zama.

"Allah sarki. Na jaki ko na akuya?"

Kawu ya miƙa hannu ya janye kwanon tuwo daga gaban Dakta. Sai da Inna Rabi ta sa baki aka mayar, kuma ba nama a ciki.

Tarihin Mushe kuwa, Kawu ya haddace shi fiye da sunayen jikokinsa. Ya fara da lauya, yana kare manyan kamfanoni. Ya zama minista a ƙasarsu, ya raba wa kamfanonin nan kwangila. Gwamnati ta faɗi, ya sauya jam'iyya, ya sake zama minista. Da aka sallame shi, kamfanonin suka naɗa shi shugaba. Kawu yana jera wannan kamar mai lissafa waliyyai.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, "Kawu, ba shi ne ya kare kamfanin da ya ɓata rijiyoyin garinmu ba? Ku da kanku kuka tuƙa shi zuwa kotun."

Ya dube ni da tausayi. "Habu, kai yaro ne. Da ka ji Faransancin da ya yi ran nan, da kai ma ka yafe rijiyar."

Sai maganar kwat. Mushe ya bar masa wata tsohuwar kwat da asu ya ci aljihunta, ita ce duk sallamar shekara shida. Ba ta fita sai ranar sallah, sai kuma ranar da Kawu ya je kotu. Ɗan sanda ne ya tsare shi a hanyar Summerfield saboda tsabar tafiyar hawainiya, ya tara motoci a bayansa kamar rakiyar gawa. Na ce mu nemi lauya. Ya ce wanda ya yi shekara shida yana jin shari'a ta madubin mota ba ya bukatar kowa.

Ya kwana uku yana rubutu, shafi huɗu. Ranar shari'ar muka shiga kotu, ni ne tafinta. Ya tashi, ya dafa ƙirji, ya fara da juyin juya halin Faransa. Bai kai ƙarshen shafin farko ba alƙaliya ta ɗaga hannu ta ce ta kori ƙarar, ya je ya riƙa ƙara wuta kaɗan.

Na ce, "Kawu, mun yi nasara."

Ya ce, "Gaya mata saura shafi uku."

Har muka fito titin Elm yana huci, wai a ƙasar nan ba a san darajar shari'a ba. Ni na sha sauran shafi ukun, a kujerar baya.

Duk sabuwar shekara sai ya rubuta wa Mushe wasiƙa. Ko sau ɗaya amsa ba ta zo ba. Kawu ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Da jaridu suka fara tono badaƙalarsa, Kawu ya rubuta cewa a shirye yake ya zo ya ba da shaida. Nan ma shiru.

Da ciwo ya kwantar da Kawu a asibiti, na nemo ofishin Mushe na rubuta musu cewa tsohon direbansa yana jinya, ko layi ɗaya ya aiko. Amsa ta zo, irin wadda ake tura wa kowa. Ta fara da "Madam", ta ƙare da cewa ba sa ɗaukar ma'aikata a yanzu.

Na zauna bakin gadon da waya a hannu, na fara shirya ƙarya. "Kawu, ya ce yana gaida amininsa Lawali..."

Ya ɗaga yatsa. "Bari, Habu. Bai taɓa sanin sunana ba. Shekara shida, 'kai direba' yake ce mini."

Na ce, "To me ya sa, Kawu?"

Ya ɗaga ido ya kalli rufin ɗakin. "Ƙuruciyata na ba shi. In ban ce babban mutum ne ba, wa zan ce na ba?"

Bayan kwana biyar ya cika. Mushe na nan da ransa, an ce ya fitar da littafi a kan riƙon amana.

Ya Allah, Kai ka san sunan bawanka Lawali. Ka kira shi da shi, Ka yafe masa, Ka saka masa da hidimar da ya yi wa wanda bai gode ba. Amin.