Tef ɗin Sifili na Watan Maris

Shekara ashirin da biyu Vernice Tolbert ta yi a ɗakin kwamfutar jami'a, can ƙarƙashin gini, inda sanyin na'urori ya cinye mata gwiwoyi. Ko a tsakiyar Yuli, lokacin da ake zafi a ƙasar, da rigar sanyi take zuwa. Aikinta ɗaya ne: ta kwafe abin da ke cikin kwamfuta a kan tef, saboda ranar da faifan ajiya zai mutu.

Tsarin ba wuya. Duk wata uku ana ɗaukar komai a tef guda, shi suke kira sifili. Daga nan kullum abin da ya canza kaɗai ake ɗauka. Kowane tef na kullum yana da kwanan wata biyu a farkonsa: ranar da aka yi shi, da ranar wanda ya jingina da shi. Ka bi su baya-baya, a kan sifili za su sauke ka. In sifili ya lalace, sauran ba su da ƙafar tsayawa.

Vernice ba ta yarda da rubutun bayan tef. Duk sabon sifili sai ta mayar da shi cikin na'ura, ta ciro fayil uku, daga farko da tsakiya da ƙarshe, ta buɗe su da idonta, sannan ta yarda a goge tsohon. Abokin aikinta Stan Wojcik yakan tsokane ta, wai ko mijinta ya ce yana sonta sai ta ciro fayil uku tukuna. Ta ce masa ai da ta duba, da ba a yi auren ba.

Malamai ba sa saukowa wurinsu, sai Dakta Ilse Brandvold. Shekara goma sha tara tana auna ruwan tafkin Erie, littattafanta na takarda kuwa ruwan bututu ya ci su tun da daɗewa, abin da ke kwamfuta shi ne kaɗai ya rage. Duk kaka takan sauko da ƙunshin kifi mai hayaƙi, ta tambayi Vernice ko ruwanta yana nan. Vernice ta ce yana nan.

A watan Maris na 1991 yayar Vernice ta rasu a garin Toledo. Vernice ta yi mako guda can, Stan ya yi sifilin. Da ta dawo ta tarar ya rubuta a bayansa: an duba. Ta riƙe tef ɗin ta daɗe. Stan ya ɗauke mata aikin mako guda bai yi gunaguni ba, ga kofi ya ajiye mata a tebur. Ta ga in ta sake dubawa kamar ta ƙaryata shi ne. Ta jera tef a kantar ajiya, ta ɗauko sifilin Disamba da hannunta ta sa cikin na gogewa.

Faifan ya mutu wata Talata da safe, a watan Mayu. Aka kawo sabo, Vernice ta sa sifilin Maris. Sunayen fayiloli suka fito tsaf, sai na'ura ta tsaya. Ta gwada wata na'urar, haka. Kwana biyu tana fama.

"Stan, yaya ka duba shi?"

"Na sa ya jero sunaye, duk sun fito."

"Sunaye a farkon tef suke, ɗan'uwa. Kayan suna baya."

Stan ya zauna a kan kwali. Vernice ba ta yi masa faɗa ba. Ba shi ne mai ciro fayil uku ba.

Tef ɗin kullum sun dawo wa mutane da abin da suka taɓa tun Maris. Aune-aunen Dakta Brandvold kuwa ba wanda ya taɓa su tun hunturu, don haka ba tef ɗin da ya ɗauke su. Shugaban sashe ya ce za a rubuta mata wasiƙa, a ce na'ura ce ta gaza. Vernice ba ta jira wasiƙa ba. Ta buga sunayen fayilolin Dakta a takarda, shafi goma sha ɗaya, ta hau bene hawa uku da gwiwoyin nan nata.

Dakta ta bi layukan da yatsa, shekara bayan shekara.

"To ai ga su nan duka, Vernice."

"Sunaye ne kawai, Dakta. Ba komai a ciki."

"Wa ya yi wannan?"

"Ni. Ban duba ba."

Dakta ta cire tabarau ta ajiye, ta juya tana kallon taga. Vernice ta tsaya jiran zagi, bai zo ba. Ta sauko.

Ran nan ta yi sabon sifili, ta ciro fayil uku, duka suka buɗe lafiya. Ta ƙara shekara huɗu a ɗakin kafin ta yi ritaya, ba ta sake rasa ko fayil ɗaya ba. Kifi dai bai sake saukowa ba.